A Kan Gado Na Same Shi

Duk wanda ya san Alhaji Hashim Indabawa a mayankar Trans-Amadi, a tsaye ya san shi. Gabjejen mutum ne, dillalin shanu, kuma tun da ya biyo motar dabbobi ya sauka Fatakwal yana saurayi ba a taɓa ganin kansa ba hula ba. Ko ruwan Fatakwal, da ba ya sallama kafin ya sauko, bai taɓa sa shi gudu ba. Ya gwammace ya jiƙe sharkaf yana takunsa ɗaya-ɗaya da a ce an ga Alhaji yana sassarfa. Matarsa Hajiya Zuliha takan ce da son girma yana sa ƙiba, da an gano inda tumbinsa ya samo asali. A gabansa take faɗa, shi kuwa ya yi kamar rediyo yake saurare.

To, wannan mutumin ne ta dawo ta tarar a ƙasa.

Anacha ta je, sunan 'yar da autarsu Mubina ta haifa a can wajen Head Bridge. Ranar tafiya ta ji jikinsa da zafi, ta ce ta fasa. Ya ce zazzaɓin sauro ne zai hana a kai wa amaryarsa kayan barka? Ta tafi kawai, in ya ji daɗin jikinsa shi ma zai je ya ga ko yarinyar ta cancanci aurensa. Ta kwana can. Washegari tun daga tasha take kiran wayarsa, tana shiga ba a ɗagawa. Bayan la'asar ta iso, ta sa mukullinta ta buɗe, ta ga wayar a kan matashi, ga hularsa a gefe.

"Hajiya?" Daga banɗaki muryar ta fito, a dishe. "Ke kaɗai ce?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Ya sa wa ƙofar sakata ta ciki, sai da ta ɓalle ta kafin ta shiga. Jiri ne ya kwashe shi da asuba yana wanka, santsi ya ƙarasa aikin, ya faɗi tsakanin bango da durom ɗin ruwa, ƙafarsa ta dama ta naɗe a ƙarƙashinsa. Ya yi ya yi ya tashi, abu ya gagara. A nan ya wuni a kan siminti, duk nauyinsa a kan cinya ɗaya. Tagar banɗakin kuwa tsakar gidan haya take kallo, inda matan maƙwabta ke wanki suna hira tun safe. Da ya ɗaga murya sau ɗaya, da an ɓalle ƙofa.

"Ba ka yi ihu ba?" ta ce, tana kuka tana faɗa a lokaci guda.

"In yi ihu su zo su ga me?"

Yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fito da mutum irin Alhaji daga wannan lungu, Allah ne kaɗai ya sani. Tabarma ta tura ƙarƙashinsa, ta ja, ta huta, ta sake ja, shi kuma yana taimaka mata da hannu. Ta goge masa jiki, ta sa masa farar jallabiya, suka yi ta fama har ya hau gado, ta ɗora masa hula. Sai da ya koma Alhajin da kowa ya sani sannan ya riƙe wuyan hannunta.

"Kada yaran nan su ji. Musamman babban. Ki ce a kan gado kika same ni."

Ta yi masa alkawari, don a lokacin ko ranta ya nema ba ta jin za ta hana shi.

Babban da yake nufi shi ne Abdulbasit, ɗansu na fari, mai shagon kayan gini a cikin gari. Hajiya Zuliha mutuniyar zamanin da ce. Ba ta taɓa kiran sunan Abdulbasit ba tun da ta haife shi, ba ta haɗa ido da shi, in kuma magana ta kama dole, bango take gaya wa, shi ya tsinta. Ga shi yanzu har furfura ta fara fito masa, amma a bakinta sunansa "wasu". Ko a ranar ma ba shi ta kira ba, matarsa ta kira, ta ce a gaya wa wasu su zo da mota.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro ya yi masa mugun kamu, aka wuce da shi ɗakin da ake ajiye waɗanda jikinsu ya yi tsanani, inda na'urori ke ta ƙara kuma ba a barin 'yan dubiya su yi dandazo. Likitan da ya karɓe shi saurayi ne ɗan garin, mai fara'a, ba ya jin Hausa. Ya ce yana son magana da wadda ta fara ganin mara lafiya. Da ya ga Hajiya ba ta da Turanci sai na cefane, ya duba cikin dangi ya zaɓi wanda ya fi dacewa a ganinsa, babban ɗa, ya ce ya zauna kusa da mahaifiyarsa ya yi tafinta. A tsarinsu na asibiti ba abin da ya fi wannan daidai. Bawan Allah bai san ya haɗa mutum biyun da suka fi kowa kasa magana da juna a duk faɗin Fatakwal ba.

Hajiya ta juya wa ɗanta kafaɗa ta fuskanci bango. Abdulbasit ya tsura wa takalminsa ido.

Likita ya tambaya a ina aka same shi. Ta gaya wa bango, "A kan gado na same shi." Ya tambayi amai, ya tambayi gudawa, ya tambaya ko ya sha jiƙo ko haɗin kemis. Duk babu. Sai ya zo kan abin da ya fi damunsa, ya ce a tambaye ta yaushe rabon Baba da fitsari, kuma wane launi ne da shi.

Abdulbasit ya yi gyaran murya. Ya dubi fankar sama kamar ita za ta fitar da shi.

"Wai yana tambaya ne," ya ce a hankali, "ko dai Baba lafiya yake zagayawa."

"Lafiya lau," in ji Hajiya.

"She say no problem," in ji Abdulbasit.

Likita ya gyaɗa kai ya wuce. Haka tambayar ta mutu a hanya, kowa ya fita da mutuncinsa.

Maganin zazzaɓi ya yi aikinsa, zafin jiki ya sauka, dangi suka fara yi wa juna barka. Amma Alhaji bai farfaɗo ba. Fuskarsa ta ɗan kumbura, in an yi masa magana sai ya amsa wata daban. An sa masa robar fitsari, jakar tana rataye a gefen gado, abin da ke tarawa a ciki kuwa bai fi a rufe gindin kofi ba, ga shi baƙi-baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Hajiya ba ta kallon jakar, amma tana ganin yadda kowace nas in ta shigo can idonta ke fara sauka. Da hantsi wata daga cikinsu ta dafa ta, ta ce, "Mama, kidney doctor dey come." Abin da ta tsinta shi ne ƙoda, kuma tsoro ya shige ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta zaci wani ƙaton mutum za ta gani. Sai ga wata 'yar siririya da farin gilashi da ƙaramin hijabi, tana zuba wa nas-nas Inyamuranci kamar a bakinta aka ƙirƙire shi. Ta daɗe a kan Alhaji. Ta sa aka ja labule, ta sa aka juya shi, ta kawo na'urar hoto ta goga masa a ciki da kwiɓi. Da ta fito sai ta nufo benci, ta rusuna.

"Mama, ina wuni? Ya mai jiki? Sunana Ilham."

Hajiya ta saki baki. Ashe 'yar gida ce, haifaffiyar Inugu, ubanta ɗan kasuwar goro. Hausarta na ɗan karkata nan da can, amma gaisuwarta ba ta da makusa.

Abdulbasit ya matso zai zauna inda aka saba zaunar da shi. Dakta Ilham ta ga yadda Hajiya ta juya kafaɗa, ta ga yadda shi kuma ya sunkuyar da kai. Ta danne murmushi.

"Yallaɓai, kai ne na fari?"

"Ni ne."

"To azahar ta yi. A je a yi salla, a sa mu a addu'a. Kada a yi sauri."

Tun da Hajiya take ba ta taɓa ganin ɗanta ya bar wuri da hanzari irin na ranar ba.

Dakta ta zauna a gefenta, ta cire gilashi ta goge da bakin hijabi. Ta ce, "Mama, ƙodar Baba ta tsaya, kuma ba tsohon ciwo ba ne, kwanan nan ta tsaya. Irin wannan tana iya tashi, in an gano abin da ya kayar da ita. Wuri uku muke dubawa. Ko jini bai isa gare ta ba, ko hanyar fitar fitsari ta toshe, ko kuma wani abu ne ya shiga cikinta ya ji mata ciwo. Na duba hanya da hoto, a buɗe take. Jininsa kuma yana bugawa daidai tun jiya. Saura na ukun."

"Ai sun ce zazzaɓi ne."

"Zazzaɓi yana yin haka, gaskiya ne. Yana fasa jini, fitsari ya yi baƙi. Amma da shi ne, da jinin Baba ya ragu sosai, kuma bai ragu ba. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Mama, a ina kika same shi?"

"A kan gado na same shi."

Da ta faɗa wa bango maganar ba ta yi mata nauyi ba. Yanzu da ta faɗa wa fuskar mutum, sai ta ji nauyinta.

Dakta ba ta ƙaryata ta ba. Ta ce, "Na ga cinyarsa ta dama ta kumbura, ta yi tauri kamar itace. Na ga kwankwasonsa ya saɓule, kafaɗarsa ma haka, duk gefe ɗaya. Katifa ba ta yi wa mutum wannan. Kin san Baba ba ƙaramin mutum ba ne. In nauyi irin nasa ya daɗe a kan wuri mai tauri, naman da aka danne yana lalacewa, dattinsa ya bi jini ya je ya cushe ƙoda. In shi ne, maganinsa ruwa, ruwa mai yawa, a yi ta ƙara masa har ya wanke ta. In kuma ba shi ba ne na cika shi da ruwa, huhunsa zai tafi. Shi ya sa tun jiya suke ɗiga masa kaɗan-kaɗan, suna tsoro, kuma suna da gaskiya."

"Ba ku da na'urar da za ta gaya muku?"

"Akwai gwaji, na tura jinin. Amma a waje ake yi, sai gobe. Ƙodar Baba ba lallai ta jira gobe ba." Ta sassauta murya. "Ba na neman sanin abin da bai shafe ni ba. A kan me ya kwanta, kuma tun yaushe, shi ke nan. Abin da kika gaya mini tsakanina da masu aikinsa zai tsaya. Ko wanda ya tafi salla ba zai ji daga bakina ba."

Hajiya ta dubi ƙofar ɗakin da Alhaji ke kwance. Tun ranar da aka kawo ta gidan mutumin nan ba ta taɓa fitar da maganarsa waje ba. Lokacin da shanunsa suka mutu a hanya ya koma ba shi da ko na cefane, ba wanda ya ji, ko mahaifiyarta. Rufa masa asiri shi ne abin da ta fi iyawa a duniya, kuma da shi take nuna masa abin da bakinta bai taɓa furtawa ba. Yanzu ga wata yarinya sa'ar 'yar cikinta tana gaya mata wannan rufin ne zai kashe shi.

"'Yar nan, bari in gan shi tukuna."

Aka ba ta riga da takalmin roba ta shiga. Yana kwance idonsa a rufe, wayoyi sun bi ƙirjinsa, kansa a buɗe, sanƙon da ya ɓoye wa Fatakwal shekara da shekaru yana ta sheƙi a ƙarƙashin fitila. Tausayinsa ya kama ta. Ta jawo gefen zanen gado ta rufa masa kan, ta sunkuya dab da kunnensa.

"Alhaji, ni ce. Zan saɓa maka. Ban taɓa yi ba, yau zan yi." Ta share ido da bayan hannu. "In ka ji haushi, ka tashi ka yi faɗan. Wallahi ko wuni za ka yi kana yi ba zan tanka ba. Ka dai tashi."

Bai motsa ba. Ta fito ta sami Dakta a bakin ƙofa, ta dubi ƙasa ta ce, "A banɗaki ne. A kan siminti. Tun asuba har bayan la'asar." Da ta fara sai sauran ya biyo, har maganar taga da tabarma.

Dakta Ilham ta riƙe hannunta biyu. "Ke kaɗai kika fito da shi?"

"Wa zan kira?"

"Kai, Mama," ta ce, idonta ya kawo ruwa. Daga nan ta juya, muryarta ta koma ta aiki. Kafin Abdulbasit ya dawo daga masallaci an rataya ledojin ruwa, an dakatar da allurar rage ciwon da ake yi wa Alhaji saboda ƙafarsa, wadda ashe ita ma tana ƙara wa ƙodar wahala, an sa nas guda tana sauraron ƙirjinsa a kai a kai. Gwajin da ya dawo washegari bai faɗi komai ba sai abin da Hajiya ta riga ta faɗa.

Ba a sha da sauƙi ba. Sai da aka yi masa wankin ƙoda, don dattin ya riga ya taru. Amma ana nan sai jakar nan ta fara nauyi. Baƙin ya koma ja, jan ya koma ruwan ɗorawa. Hajiya, da a da ko sunan abin ba ta iya faɗa, ta koma ita ce mai gadinsa. Da an bar ta ta shiga, kafin ta dubi fuskar mijinta sai ta leƙa gefen gado. Ran da ta tarar da jakar ta cika har nas na juyewa, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala da ƙarfi, ma'aikatan ɗakin suka yi ta dariya. Ita ma ta dara, don ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta gode wa Allah a kan fitsari a bainar jama'a ba.

Da Alhaji ya dawo hayyacinsa, hula ya fara nema. Da aka ɗora masa, ya jira mutane suka ragu a ɗakin, ya yafito ta.

"Yarinyar nan mai gilashi ta ce in daina rufe ƙofar banɗaki da sakata." Ya ƙura mata ido. "Wa ya gaya mata ina da sakata?"

"Ni ce."

"Hajiya."

"Na ce ni ce. Ga ni, yi faɗan."

Ya daɗe yana kallon hannunta, inda igiyar tabarma ta yanke ta bai gama warkewa ba.

"Babban fa?"

"Bai ji ba. Ko kalma."

Ya sauke ajiyar zuciya ya lumshe ido. Can ya ce, "Wannan faɗan zan ajiye shi sai na sami ƙarfi."

Ranar sallama Abdulbasit ne ya kai su gida. Ya shigar da kaya, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, kamar yadda ya saba in mahaifiyarsa tana ɗaki. Alhaji ya huta kaɗan, ya ce zai kama ruwa. Ya ƙi a riƙe shi, ya dogara sanda ya tafi yana jan ƙafa. Hajiya ta bi shi a baya da buta.

A bakin banɗakin ya tsaya cak. Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. An kankare simintin nan mai santsi an shimfiɗa tayil mai kaushi. An fitar da durom ɗin daga lungu. An kafa ƙarfe mai kauri a jikin bango, tun daga ƙofa har ciki, daidai inda hannun dogon mutum zai kai, ga wata kujera mai faɗi an ɗaure ta da bango. Sakatar ma babu ita.

Ya juyo ya dube ta.

"Wallahi ban faɗa ba," ta ce a hankali. Kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai Abdulbasit, wanda aka yi ta aikowa gida ɗaukar kaya, yana da ido, kuma ita a ranar ba ta tsaya gyara komai a banɗakin ba.

Alhaji ya kama ƙarfen ya jijjiga, bai motsa ba. Ya sake jijjigawa da duk ƙarfin da ya rage masa. Ya tsaya riƙe da shi, ya ba su baya. Da ya yi magana, bango ya gaya wa, irin na matarsa.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Daga bakin ƙofa Abdulbasit ya amsa, kansa a ƙasa. "Mai gidan haya ne, Baba. Ya ce duk ɗakunan zai yi wa haka, ya fara da nan."

"To." Alhaji ya yi gyaran murya, ta ƙi gyaruwa. "A gaya masa na gani. A ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa."

"Za a gaya masa, Baba."

Hajiya Zuliha ta ajiye butar. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen ƙofa, ta cikin yadin ta kalli ɗanta son ranta.